Haɗewar ƙarfi huɗu na halitta: inda ɗalibai suka fi tuntuɓe

Yaranmu na Agege da Idi-Araba da ke karatun fiziks a Jami'ar Legas sukan rubuta cewa an riga an tabbatar ƙarfi huɗu na halitta abu guda ne. Nan aka fi zubar da maki. Huɗun dai su ne jan nauyi, lantarki da maganaɗisu (waɗanda ake ƙirgawa ƙarfi guda), sai biyu masu aiki a cibiyar ƙwayar zarra: mai tsanani da mai rauni.

Biyu kaɗai gwaji ya nuna tushensu ɗaya: lantarki da maganaɗisu, da kuma mai rauni. Glashow da Weinberg da Abdus Salam ɗan Pakistan suka karɓi kyautar Nobel a kan wannan a 1979, sannan a 1983 cibiyar binciken fiziks ta CERN da ke kusa da Janiba ta gano ƙwayoyin W da Z, masu ɗaukar ƙarfi mai rauni, da lissafinsu ya yi hasashe. Nauyin W kusan GeV 80 ne (GeV ma'aunin makamashi ne, da shi kuma ake auna nauyin ƙwayoyi), na Z kuwa 91, kuma wannan nauyin ne ya sa ƙarfin bai kai nesa, har ake ganinsa da rauni.

Shigar da mai tsanani cikin haɗin har yau hasashe ne. Georgi da Glashow sun kawo tsarinsu a 1974, tsarin da ya ce furoton, ƙwayar da ke cibiyar zarra, zai iya ruɓewa. Gwajin Super-Kamiokande a Japan, mai neman ganin ruɓewar furoton, ya daɗe yana dako, bai ga ko ɗaya ba. Don haka ka rubuta "ana hasashe", kada ka rubuta "an gano". Jan nauyi kuwa ko kusa ba a kai ga shigar da shi ba.

Wani tuntuɓen shi ne jin an ce haɗewar ƙarfin na faruwa ne a "makamashi mai yawa", sai a zaci irin wutar da za ta haska Ikeja. A'a. Karon furoton biyu a na'urar LHC ta CERN, mai karo da ƙwayoyi, yana kai GeV 13,600, wanda bai wuce kuzarin sauro goma sha 'yan kai masu shawagi ba. Abin lura shi ne an dunƙule shi a wuri ɗan mitsitsi. Babban haɗin kuwa, wato wanda zai shigar da mai tsanani, ana sa ransa wajen GeV 1 mai sifili 16 a baya, ninkin na LHC kusan sau tiriliyan.

Masu jingina wa Einstein nasarar haɗin ma su daina. Jan nauyi da lantarki ya yi ta fama ya haɗa har ya mutu a 1955, bai dace ba.