Yadda ake gina ƙungiyar besbol a makarantar sakandare

Malamin da aka damƙa wa ƙungiyar besbol (wasan Amurka da ake jefa ƙwallo a doke ta da sanda) a Jidda ya kamata ya fara da neman masu jifa, wato masu jefa wa mai sanda ƙwallo, domin a hannunsu wasan yake. A sakandaren Amurka zagaye 7 ake bugawa, kuma tazarar jifa mita 18.44 ce, saboda haka idan aka ɗora wa yaro ɗaya wannan nauyi kullum, kafaɗarsa da gwiwar hannunsa za su samu rauni. A horar da uku, a riƙa ƙirga jifansu, a ba su hutu. Sauran 'yan wasa 8 da ke fili tare da mai jifa su ƙware wajen cafe ƙwallo da miƙa ta da sauri, wanda a ganina ya fi dukan ƙwallo ta yi nisa muhimmanci. Saboda zafin rana, a sa atisaye bayan sallar la'asar, a tanadi ruwan sha a gefen fili.