Babi na Bakwai: Ƙwayar Folik Asid da Lafiyar Jariri

Darasi na 1: Yaushe ake farawa?

'Yan uwa ɗalibai, wannan babi na matan aure ne da 'yan matan da aka sa wa rana, kuma na mazajensu ne, domin a gidaje da yawa maigida ne ke zuwa kemis. Ku karanta a hankali, jimla bayan jimla. Wadda wata kalma ta tsaya mata, ta ɗora yatsa a kai ta tambaya, babu abin kunya a cikin aji.

Akwai wata ƙaramar ƙwaya da ake kira folik asid. Bitamin ce, ita ce ake kira B9, kuma jiki yana amfani da ita wajen yin sabon jini da gina sababbin ƙwayoyin halitta. Babu lokacin da ake bukatarta kamar makonnin farko na ciki. A cikin waɗannan makonni, abin da zai zama ƙwaƙwalwar jariri da lakar bayansa yana farawa ne a shimfiɗe, sa'an nan gefensa biyu su naɗo su haɗu, kamar yadda tela ke haɗa bakin yadi ya bi shi da ɗinki. Wannan rufewa takan kammala wajen kwana 28 da shigar ciki, kuma wurin da bai rufe ba a lokacin ba ya rufewa daga baya. Idan a baya ne, sai a haifi yaro da ƙullutu mai ruwa a gadon bayansa, ƙafafunsa na iya rasa ƙarfi, yana iya kasa riƙe fitsari da bayan gida, wani kuma ruwa ya taru a kansa har kan ya yi girma. Idan a kai ne, ƙoƙon kai da ƙwaƙwalwa ba sa cika, kuma irin wannan jariri ba ya rayuwa.

Yanzu ku ɗauki fensir. Ku rubuta 28. A ƙarƙashinsa ku rubuta 14, domin mace takan ga ɓatan wata ne kusan kwana 14 bayan ciki ya riga ya shiga. Ku debe 14 daga 28. Amsa ita ce 14. Ke nan daga ranar da mace ta ga ɓatan wata, kwana 14 kacal suka rage kafin bayan jariri ya gama rufewa. To, mace nawa ce a cikinmu take faɗa wa kowa a waɗannan kwanaki? Yawancinmu sai mu jira wata na biyu mu tabbatar, mai cikin fari kuwa kunya kan hana ta buɗe baki ko ga mahaifiyarta, ba a zuwa awo sai ciki ya fito, wata biyar ko shida. Bugu da ƙari, ƙwayar ba ta taruwa a jini a rana ɗaya, sai an yi makonni ana sha.

Saboda haka ga jimlar da ta fi kowace muhimmanci a babin nan. Ku karanta ta da ƙarfi, sau uku:

Ana fara shan folik asid kafin ciki ya shiga.

Ku kwafe ta a littafinku, ku ja layi a ƙarƙashin kalmar "kafin". Aƙalla wata ɗaya kafin ciki, wata biyu ko uku ya fi, sa'an nan a ci gaba kullum. Tunda babu macen da ta san ranar da Allah zai ba ta rabo, ma'anar wannan ita ce duk matar da ke ɗakin mijinta kuma tana iya ɗaukar ciki ta riƙa sha tun yanzu. Amarya ta fara tun ana shirin biki. Mai goyo da ta ga al'adarta ta dawo, ko ma ba ta dawo ba, ta fara, domin ciki kan shiga a kan goyo.

A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Nakan tambayi aji, "Yaushe ake farawa?" sai a amsa mini baki ɗaya, "Ranar da aka je awo, Malama." A'a. Ranar awo an makara ga wannan aikin, ko da yake ƙwayar tana da sauran amfani ga jinin uwa. Na sake tambaya, sai wata ta ce, "Da zarar an ga ɓatan wata." Wannan ta matso kusa, kuma wadda ta riga ta ga ɓatan wata ta fara yau, kada ta bari sai gobe, amma amsar da nake nema ita ce: kafin. Ku sake rubuta jimlar. Kada ku ƙosa da maimaitawa, kuna ƙoƙari ƙwarai.

Ba zancen baka ba ne. A shekarar 1991 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da likitocin Birtaniya suka jagoranta a kan matan da suka taɓa samun ciki mai wannan matsala, aka ga waɗanda suka sha folik asid tun kafin sabon ciki, matsalar ta ragu a cikinsu da kusan kashi bakwai cikin goma. Daga 1998 Amurka ta wajabta zuba ta a cikin fulawa, domin ta isa jikin mace tun ba ta san tana da ciki ba.

Darasi na 2: Karanta jikin kwali

Ku ɗauko kwalin da aka kawo aji. Da Turanci ake rubuta sunan, haruffansa su ne F, O, L, I, C, sai tazara, sai A, C, I, D. Ku bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Kusa da sunan akwai lamba, ita ce ke nuna ƙarfin ƙwayar. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta ga yawancin mata shi ne 400 mcg a kowace rana (mcg da mg ma'aunan nauyin magani ne, mcg dubu ne ke yin mg ɗaya). Wani kwalin zai rubuta 0.4 mg, duk abu ɗaya ne. Ku lura da ɗigon da ke tsakanin 0 da 4, ba datti ba ne, yana cikin lambar.

Ƙaramar ƙwaya ruwan ɗorawa da aka fi samu a kemis ɗinmu takan zo da 5 mg a jikinta. Kada ganin 5 ya fi 400 ƙanƙanta ya ruɗe ku: 5 mg ya ninka 400 mcg fiye da sau goma sha biyu. Idan ita kaɗai kika samu, ki nuna wa ma'aikaciyar lafiya ta faɗa miki yadda za ki yi, musamman idan ciki ya shiga wata na huɗu aka fara ba ki Fansidar a wajen awo don rigakafin zazzaɓin cizon sauro, domin folik asid mai ƙarfin 5 mg yana rage aikin Fansidar. Ku duba lambar NAFDAC, ku duba watan da shekarar da maganin zai lalace.

Ƙwaya ɗaya, kullum, a lokaci ɗaya. Ki haɗa ta da abin da ba ki mantawa, kamar karin kumallo ko sallar Isha'i, kuma duk ranar da kika sha ki sa alama a kalanda. Idan kin manta jiya, ki sha ta yau kawai, ba a haɗa biyu.

Dole in yi muku faɗa a nan. Na sha ganin kwali ya yi wata uku a cikin kwalla ba a ɓalle ko ƙwaya biyar ba, wai an ce tana sa jariri ya yi ƙato haihuwa ta yi wuya, ko wai maganin hana haihuwa ce. Wa ya faɗa muku? Folik asid ba ta hana ɗaukar ciki, bitamin ce irin wadda ke cikin ganyen miya. Kun zo kun koyi karatu ne domin ku daina karɓar irin wannan magana a bakin rijiya ba tare da bincike ba. Kuma ku maza, ba daidai ba ne mace ta roƙi kuɗin ƙwayar da ba ta kai kuɗin goro ba a ce mata ai lafiyarta ƙalau. Mai lafiya ake ba wa. Yaushe ake farawa? Kafin ciki ya shiga.

Darasi na 3: Gado da sauran dalilai

Jikin mutane ba ɗaya ba ne wajen sarrafa wannan bitamin. Akwai wata ƙwayar gado da likitoci ke kira MTHFR, wadda a jikin wasu ba ta aiki da sauri, amma su ma folik asid tana yi musu amfani, don haka ba sai an yi gwajinta kafin a fara sha ba. Abin da ake so ku sani shi ne tarihin gidanku. Ki je asibiti tun kafin ciki idan kin taɓa haifar jariri mai buɗaɗɗen baya ko kai, ko an taɓa haifa a danginki ko dangin maigida, kuma idan auren zumunci ne ki faɗa. Haka nan mai ciwon suga, mai sikila, da mai shan maganin farfaɗiya. Irin waɗannan mata ne likita kan rubuta wa 5 mg. Mai farfaɗiya kada ta daina maganinta da kanta, likita ne zai duba ko a canja shi.

Ba kowane jariri ne ƙwayar ke karewa ba, kuma uwar da abin ya sama ba ta da laifi. Ba aikin mayu ba ne, ba na kishiya ba ne.

Darasi na 4: Abinci

Alayyafo, zogale, rama, wake, gyaɗa, ƙwai da lemon zaƙi duk suna ɗauke da wannan bitamin. Doguwar dahuwa tana lalata ta, kuma tana fita a ruwan da aka tafasa ganye aka zubar. Ku sa ganye a ƙarshen girki. Abinci ba ya maye gurbin ƙwayar.

Darasi na 5: Idan an haifi jariri da ƙullutu a baya

Kada a matsa shi, kada a shafa masa komai, kada wanzami ya taɓa shi. A rufe da tsabtataccen ƙyalle, a kwantar da jariri a gefensa, a tafi asibiti a ranar, domin an fi son a yi aikin cikin kwana biyu zuwa uku. Manyan asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato suna da likitocin wannan fanni.

Darasi na 6: Bitamin K

Allura ce ɗaya da ake yi wa jariri ranar haihuwa don kada ya yi zubar jini. Ku tambaya ko an yi.

Aikin gida: ku kwafe jimlar darasi na 1 sau biyar, ku zo da kwalin da kuka saya mu karanta lambarsa tare.