Zafin bazara: a ajiye SRO a gida

Jama'a, kafin zafin Afrilu ya tsananta a Tawa, ku sayi gishirin SRO, garin da ake damawa da ruwa a sha don mayar da ruwan da jiki ya rasa, a farmasi ko CSI (ƙaramin asibitin gwamnati), kada ku saya wajen masu tallar magani a rana. Ku duba ranar lalacewa, ku taɓa ƙunshin: in garin ya dunƙule, danshi ya shiga, ku bar shi.

Ƙunshi ɗaya na lita 1 ne na ruwa mai tsabta. Kada a rage ruwan don ya yi ƙarfi. Gishirin zai yi yawa, ya cutar da yaro. A sha kaɗan-kaɗan, in an yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Bayan awa 24 a zubar da saura.

Wanda ya daina fitsari, ya ruɗe ko ya kasa sha, asibiti maza.