Yadda Ake Sassaƙa Bakan da Za a Amince da Shi Daga Itacen Jan Sida

Jan sida, wanda masana tsirrai ke kira Juniperus virginiana, itace ne da ke tsirowa a gabashin Amurka ta Arewa, tun daga kudancin Kanada har gaɓar Tekun Mekziko. A jihohi irin su Oklahoma, Kansas da Nebraska ya yaɗu cikin filayen kiwo har makiyaya da manoma suna neman wanda zai sare musu shi. Masu sassaƙa bakan gargajiya suna son sa saboda kyawun launinsa, da ƙamshinsa, da rashin nauyinsa, amma suna kuma tsoronsa, domin an san shi da tarwatsewa farat ɗaya a hannun maharbi. Dalilin wannan hali yana cikin ginin itacen. Idan aka ja baka, cikinsa, wato gefen da ke fuskantar maharbi, yana matsewa, bayansa kuma, wato gefen da ke kallon abin hari, yana miƙewa. Jan sida gwani ne wajen jure matsi, yana kuma komawa daidai bayan an sake shi, sai dai yana da rauni wajen jure miƙewa. Duk aikin da ke biye ƙoƙari ne na amfana da ƙarfin cikinsa tare da rufa wa bayansa asiri.

Mataki na farko, wanda ya fi kowanne cin lokaci, shi ne neman itacen da ya dace. Jan sidan da ya tsiro shi kaɗai a fili rassa ne tun daga ƙasa har sama, kuma kowane reshe yana barin kulli a jikin gungumen, kowane kulli kuwa wuri ne da zaren itacen ya karkace, inda karaya ke farawa. A nemi wanda ya girma cikin cunkoson wasu bishiyoyi, inda rashin hasken rana ya kashe rassan ƙasa tun itacen yana ƙarami, a sami gefe ɗaya mai tsawon kusan mita 2 wanda babu reshe a kansa. A dubi ɓawon da kyau: idan layukansa suna tafiya a miƙe, zaren ciki ma a miƙe yake, idan kuwa suna zagaya gungumen, itacen a murɗe yake, a bar shi a yi gaba. Mutum yana iya duba bishiyoyi masu yawa kafin ya ga guda ɗaya, kuma a ganina wannan haƙurin shi ne rabin amincin bakan, domin babu gwanintar hannu da za ta gyara gungumen da ya cika da kulli.

Bayan an sare, sai a tsaga gungumen gida biyu ko huɗu bisa ga kaurinsa, a shafe bakin kowane tsagi da gam ko kakin zuma domin kada ruwa ya fita da sauri ya tsattsage shi, a cire ɓawon saboda ƙwarin da ke huda itace, a shafe bayan shi ma, sannan a ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa. Ƙa'idar da masassaƙa suka saba bi ita ce shekara guda ga kowane inci ɗaya na kauri, ko da yake rage itacen zuwa kusa da siffar baka yana gajarta jiran. Abin da ake nema shi ne danshin da ke cikin itacen ya sauka zuwa kashi 8 zuwa 10 cikin ɗari. Kada a yarda ya bushe fiye da haka, domin jan sidan da ya yi ƙarau ya fi saurin karyewa. Saboda wannan dalili ne ma ba na ba da shawarar a gasa cikinsa da wuta kamar yadda ake yi wa hikori, wani itace mai tauri na Amurka, da sauran fararen itatuwa.

Daga nan sai zana siffar baka. Jan sida ba shi da nauyi, kusan kilo 530 ne a kowace kubik mita, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, idan ya bushe, alhali itacen osej, wanda masu baka a Amurka suka fi yabo, ya haura kilo 800. Itace marar nauyi yana bukatar ƙarin tsawo da faɗi domin wahalar lanƙwasa ta rarrabu a jikinsa. Ga maharbin da ke ja har inci 28, wato santimita 71, ya dace bakan ya kai santimita 170 zuwa 178, faɗin kowane hannu ya kasance santimita 4 zuwa 5 kusa da mariƙi, ya riƙa sirancewa zuwa santimita ɗaya da rabi a ƙarshe. Mai koyo ya tsaya a ƙarfin ja na kilo 18 zuwa 20. Gungumen yana da launi biyu, farin itace a ƙarƙashin ɓawo da jar zuciya a ciki, kuma farin ya fi jar jure miƙewa, don haka a bar kimanin milimita 6 nasa a baya, jar zuciyar ta zama cikin baka. Idan farin ya yi kauri har dole a rage shi, a bi zoben shekara guda ɗaya daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba tare da an yanke shi ba. Inda aka tarar da ƙaramin kulli, a bar masa ƙarin nama a kewaye, kada a daddale shi ya yi daidai da sauran jiki. A sa takunkumi lokacin aiki, domin ƙurar itacen tana damun hanci da ƙirji.

Mataki na huɗu shi ne wanda ya raba bakan da za a dogara da shi da wanda ake harbi da shi cikin fargaba, wato yi masa rufin baya. Akwai gwanayen da suka yi bakan jan sida tsirara kuma ya daɗe, amma ban ga hikimar mai koyo ya jefa aikin watanni cikin wannan kasada ba. Rufi mafi inganci shi ne jijiya, kuma tsohuwar dabara ce ta 'yan asalin nahiyar: Ishi, mutumin ƙabilar Yahi ta Kalifoniya wanda ya rasu a 1916, ya fi son yin bakansa da wani ɗan'uwan wannan itace na kan duwatsu, yana rufe bayansa da jijiyar barewa. Ana busar da jijiyar ƙafar barewa ko ta saniya, a daka ta har ta warware ta zama zare, a jiƙa ta, a tsoma ƙananan dammunanta cikin gam ɗin fata mai ɗumi, a shimfiɗa su bisa tsawon bakan, ana sassaɓa wuraren haɗuwarsu yadda magini ke jera bulo. Kafin a fara, a kankare bayan ya ɗan yi kaushi, a shafa masa ruwan gam sau biyu domin ya kama. Shimfiɗa biyu ko uku sun isa, sannan a bar shi aƙalla wata guda. Yayin da jijiyar ke bushewa tana tsukewa, tana jan hannayen bakan baya, abin da ke ƙara masa saurin jifa, kuma bakan da aka yi wa wannan rufi ana iya gajarta shi sosai.

Wanda bai sami jijiya ba yana iya amfani da siririyar fatar akuya ko ta barewa wadda ba a jeme ba. Ba ta ƙara ƙarfi, amma tana danne ƙananan tsage-tsage kada su tashi. Hanya ta uku ita ce manna siririn katakon hikori mai miƙaƙƙen zare, wanda kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, domin idan ya yi kauri zai fi ƙarfin cikin bakan ya murƙushe shi.

Sai daidaita lanƙwasa, aikin da ake yi da makankari da haƙuri. A fara da dogara ƙarshen bakan a ƙasa ana danna shi a hankali domin a ga inda ya ƙi motsi, sannan a ɗora shi a kan maɗaurin da aka kafa a bango, a sa masa doguwar tsarkiya mai sako-sako, a riƙa jan ta da igiya daga nesa, da sikeli a tsakani, da tabarau na kariya a fuska. Ana cire itace daga ciki kawai, daga wuraren da suka yi tauri, ba a taɓa wurin da ya riga ya fi lanƙwasa. Bayan kowace kankara a ja bakan sau 20 ko 30 kafin a yanke hukunci, kuma kada a taɓa wuce ƙarfin da ake nufi, ko da sau ɗaya ne. Hikori yakan nuna gajiya ta hanyar zama a lanƙwashe tun kafin ya karye, jan sida kuwa sau da yawa ba ya ba da wannan sanarwa, shi ya sa ake ƙara nisan ja inci ɗaya bayan ɗaya. Idan hannayen biyu sun yi daidai, a ɗaura ainihin tsarkiya, tazararta da mariƙi ta kai kusan santimita 15.

Da yake itacen yana da taushi, tsarkiya tana iya cin wuyan da aka yanka mata, don haka a manna ɗan ƙaho ko katako mai tauri a ƙarshen kowane hannu. A goge jikin da samfefa, a shafa mai ko fenti marar launi shafi da yawa, musamman a kan jijiya, wadda ke shan danshi ta saki. A yi harbi da kibiya mai nauyi, kimanin giram 29 ga bakan kilo 20, kuma kada a saki tsarkiya babu kibiya. A kwance tsarkiyar duk lokacin da aka gama harbin ranar, a guji barin bakan cikin mota mai zafi ko kusa da murhu. Kafin a ɗaura shi kowane lokaci, a bi bayansa da yatsa ana neman tsagin da ya ɗaga, idan kuma aka ji wata 'yar ƙara kamar ta karyewar tsinke yayin ja, a sassauta a hankali, a kwance tsarkiya, a binciki wurin, a naɗe shi da jijiya da gam, ko kuma a jingine bakan gaba ɗaya idan tsagin ya ratsa faɗin hannun.