Kurakuran da aka fi yi wajen samar da sunayen ranaku da watanni a Java

Tun daga Java 6 aka ba masu rubuta manhaja damar shigar da nasu sunayen ranaku da watanni ta hanyar DateFormatSymbolsProvider. Sai dai da yawa sukan gama aikin, su kunna manhajar, kuma sunayen da suka rubuta su ƙi fitowa, alhali ba a nuna musu saƙon kuskure ko ɗaya ba.

Galibi matsalar tana wajen rajista. Dole ne a ajiye fayil mai suna java.text.spi.DateFormatSymbolsProvider a cikin META-INF/services, ɗauke da cikakken sunan ajin (class) da ke samar da sunayen. Ko an yi hakan, daga Java 9 zuwa sama ba a loda ajin sai an ambaci SPI (kalmar da ke nufin irin waɗannan azuzuwan da aka shigar daga waje) a cikin java.locale.providers, wato saitin da ke jera wuraren da Java za ta nemi sunaye. Nan ne nake ganin ya kamata a fi lura, domin jerin yana da muhimmanci: CLDR, rumbun bayanan harsuna da ke zuwa tare da Java, ya riga ya ƙunshi Hausar Najeriya da Nijar da Ghana, saboda haka idan aka sa CLDR a gaba, sunayensa za a ɗauka, naka kuwa ba za a waiwaye su ba. Gyaran shi ne a rubuta SPI,CLDR.

Wasu kuma suna kiran new DateFormatSymbols kai tsaye, wanda ba ya duba abin da aka shigar daga waje. A yi amfani da DateFormatSymbols.getInstance.

Kuskuren da ya fi ɓarna shi ne na tsawon jeri. Jerin ranaku gurbi 8 ne, na farko a bar shi fanko, domin Lahadi tana lamba 1, Asabar tana lamba 7. Wanda ya zuba sunaye bakwai daga gurbin sifili zai ga ranar Juma'a ta fito da sunan Asabar, kuma idan Asabar ɗin ta zo sunanta ba zai fito ba, ko ma manhajar ta tsaya cak. Watanni kuwa daga sifili suke farawa da Janairu, kuma an tanadi gurbi na 13 saboda kalandun da ke da wata goma sha uku.

Haka nan kada a riƙa miƙa kwafi ɗaya na DateFormatSymbols ga kowa, tunda ana iya sauya abin da ke cikinsa. Wani sashe na manhajar zai canza sunan wata, canjin ya bi sauran sassa. A ƙirƙiri sabo duk lokacin da aka nema.