Inda birane ke tuntuɓe wajen samar da makamashin da ya zarce buƙatarsu

Kuskuren da ya fi yawa a kan takarda yake faruwa, tun kafin a kafa farantin sola ko guda. Magajin gari zai fito ya ce birninsa na samar da wutar lantarkin da ta fi wadda yake sha, a yi ta tafi. Alhali lantarki bai wuce kashi 1 cikin 5 na makamashin da duniya ke ci ba. Zafin da ake buƙata don ɗumama gidaje da ruwa da aikin masana'antu ya kai kusan rabi, ga kuma man motoci. Sai a tara waɗannan duka a lissafi ɗaya tukuna, sannan a yi maganar rara.

Ko an tara su, da sauran rina a kaba idan lissafin na shekara ne. Birni a arewacin Turai zai iya ambaliya da wutar sola a watan Yuni ya sayar da rarar, sannan a daren Disamba, ba rana ba iska, ya sayo wutar da aka samar da kwal. A ƙarshen shekara alƙaluma su yi kyau, hayaƙi kuwa ya riga ya tashi. Awa-awa ya kamata a auna, don a nan ne giɓin ke bayyana. Kada kuma a ɗora wa batir kayan da ya fi ƙarfinsa. Babban batirin Hornsdale da aka kafa a kudancin Ostireliya a 2017, mai megawat 100 a lokacin, aikinsa daidaita layi ne da riƙe wuta na ɗan lokaci, ba adana ta daga bazara zuwa hunturu ba. Don ajiyar watanni, garin Vojens na Denmak ya haƙa ƙaton rami ya cika shi da ruwa, zafin rana na dafa ruwan a bazara, a tura shi gidaje ta bututu idan sanyi ya shigo.

Wani tuntuɓen shi ne kwaikwayon ƙauye. Ana yawan buga misali da tsibirin Samsø na Denmak, wanda ya soma shirinsa a 1997 ya kai ga rara cikin shekara 10, ko ƙauyen Wildpoldsried na Jamus. To amma mutanen Samsø ba su wuce 4,000 ba, ga fili ga teku. Bene mai hawa 20 kuwa rufinsa ɗaya ne, duk mazaunansa a ƙarƙashin wannan rufin suke kunna wuta. Babban birni sai ya haɗa hannu da karkarar da ke kewaye da shi, ko ya shiga ruwa kamar yadda Kofanhegan, babban birnin Denmak, ta kafa injinan iska 20 a cikin teku a Middelgrunden.

Abin da ya cancanci a kwaikwaya daga waɗannan wurare shi ne mallaka. Rabin injinan Middelgrunden na ƙungiyar gama-kai ce ta mazauna, a Samsø ma manoma da sauran jama'a sun sayi hannun jari. Wanda yake karɓar riba daga injin ba ya saurin kai ƙara a kan ƙugin farfelarsa.

Akwai kuma masu gaggawar ƙara samarwa alhali gine-gine na zubar da zafi ko sanyi ta bango da taga. Wannan ɗiban ruwa da kwando ne. A toshe kafofin tukuna, a canza tsofaffin na'urori, sai yawan farantan da ake buƙata ya ragu sosai.

Layukan wuta da taransifoma su ma ana mantawa da su. An gina su ne don wuta ta bi hanya ɗaya, daga tasha zuwa gida. Ranar da dubban rufi suka soma turo wuta da tsakar rana, ƙarfinta kan haura a layin unguwa har injin sauya wutar sola ya kashe kansa. Kuɗin faɗaɗa layi da sabunta taransifoma dole ya shiga kasafin tun ranar farko.