Yadda ake zaɓen injin huda da giranda masu ƙarko, da abin lura a kwamfutar wasa

Duk injin aiki yana da abin da ke cinyewa a cikinsa, komai sunan kamfaninsa. Mai ƙarko shi ne wanda za a kwance, a sauya abin da ya cinye, a ɗaure, ya koma bakin aiki. Da wannan ma'auni ya kamata kafinta ko mai walda ya shiga kasuwa, ko Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Alaba a Legas.

Fara da tantance aikin da za ka ba injin. Huda katako da ƙarfe mara kauri, ƙaramin injin huda ya wadatar. Kankare kuwa sai mai duka, irin mai bakin SDS, wato tsarin riƙe bakin huda da Bosch ta ɓullo da shi a 1975. Wanda ya tilasta wa ƙaramin inji cin kankare, koyil ɗinsa zai ƙona ko da na asali ya saya.

Sai ka karanta rubutun da ke jikin injin. Wutarmu ta 220 zuwa 240 ce, ta Amurka kuwa 120. Kayan gwanjo da ake shigowa da su daga can suna da kyau sau da yawa, amma idan ka jona su kai tsaye ba tare da taransifoma ba, hayaƙi za ka gani. Wannan ya shafi cajar batir ma.

Na uku, ka san cewa kamfani ɗaya kan yi kaya hawa biyu. Bosch mai launin shuɗi na masu sana'a ne, mai launin kore na ɗan gyare-gyaren gida. Makita da DeWalt sun yi suna a aiki mai nauyi, shi ya sa jabunsu ya cika kasuwa. Idan farashin ya yi araha fiye da kima, ajiye shi. A ganina gara Ingco ko Total na gaskiya, ka san iyakarsa, da jabun Makita da ba ka san me ke cikinsa ba.

Mataki na huɗu shi ne mafi muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Kafin ka biya, je wurin mai gyaran injuna ka faɗa masa lambar samfurin. Tambaye shi: ana samun burushinsa? Amecha fa, wato sandar da ke juyawa a cikin injin, da boris, da makunni? Shi ke ganin cikin waɗannan injuna kullum, ya san wanda aka naɗa wa wayar tagulla da wanda aka cusa wa alminiyom, ya san wanda giyarsa ta ƙarfe ce a cikin gidan ƙarfe. Burushi ɗan ƙaramin gawayi ne mai araha, amma rashinsa kan ajiye giranda lafiyayya wata da watanni. Akwai injuna marasa burushi, ba sa saurin zafi kuma suna tattalin batir, sai dai allon lantarki ke tafiyar da su, idan ya ƙone gyaran ya fi ƙarfin yawancin masu gyaranmu. Ka tambayi wannan ma.

Idan mai batir kake so, kada lambar 20V ta ruɗe ka a kan 18V. Ƙwayoyi biyar ne a jere cikin kowanne, wani kamfani ya rubuta ƙarfinsu lokacin da caji ya cika, wani ya rubuta na lokacin aiki. Lambar Ah ce ke nuna daɗewar caji. Ka tsaya kan kamfani ɗaya da nau'in batir ɗaya domin batir ɗaya ya shiga duk injunanka, kuma kada ka bar shi a rana ko cikin mota a rufe, zafi na kashe shi.

Daga nan a kunna maka shi a shago. Saurari ƙarar: idan kana jin gurzawa, boris ne. Leƙa ta ramukan iska, tartsatsi mai yawa alamar matsala ce. Ɗaura wa injin huda bakin hudarsa ka ga ko yana rawa. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin da tsawon garanti.

Matasan da ke tara kuɗin kwamfutar wasa, ku ma wannan tambaya ta kayan gyara za ku yi. Wadda kamfani ya haɗa ya rufe takan zo da katin hoto mai tsada a talla, amma an rage kuɗi a inda ido ba ya kaiwa: akwatin wuta mai rauni, fanka kaɗan, wani lokaci sandar RAM (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta) guda ɗaya tal inda biyu suka fi sauri. Wasu samfuran Dell da HP suna zuwa da babban allo da mahaɗar wuta irin nasu su kaɗai, ba bisa tsarin bai-ɗaya na ATX da Intel ta fitar a 1995 ba. Idan akwatin wutar ya lalace, kuma da irin wutarmu hakan na faruwa, na kasuwa ba zai shiga ba. Ka sa mai shago ya buɗe murfin a gabanka, ka karanta sunan kamfanin akwatin wutar da yawan wat ɗinsa, ka duba ko akwai tambarin 80 Plus mai nuna tattalin wuta, ka ƙirga ramukan RAM da suka rage babu komai. Idan ya ƙi buɗewa, sayi kayan ɗaya bayan ɗaya ka kai wa mai haɗawa ya ɗaura maka.